Gwafar Ƙarfe Daga Madina

Tudun Marke, ƙasar Damagaram
Rabi'us Sani, 1404

Takarda ta fito daga hannun Issoufou Sarkin Baka zuwa ga abokin ƙuruciyarsa kuma wan matarsa, Alhaji Sabo Ɗanmusa, a birnin Manzo. Gaisuwa mai yawa da tambayar lafiyarka da ta iyalinka. Ƙanwarka Sabuwa tana gaishe ka, tana gaida Sharifa da yara.

Ka san ni ba mai yawan takarda ba ne, buƙata ce ta sa na ɗauki alƙalami. Bara da kaka na tashi da safe na iske ɓarin jikina na hagu ya yi nauyi kamar ba nawa ba. Likita a Zinder ya ce jini ne ya hau. Ƙafa ta dawo, alhamdu lillahi, hannun ne bai dawo duka ba. Yana riƙe ƙwaryar fura, amma ba ya riƙe bindiga. Da na ɗaga ta sai bakinta ya sunkuya ƙasa.

Ka tuna gwafar da muke sarowa ta marke mu ɗora adaka a kai in za mu daɗe muna dako? Na saro irinta na gwada. Tana son hannu biyu, ɗaya ya riƙe ta, ɗaya ya ja kunama, ni kuwa ɗaya gare ni.

To wani alhaji da ya dawo daga wajenku ya ba ni labari, ya ce ya ga Larabawa masu fita jeji da wata gwafa ta ƙarfe mai ƙafa biyu. Ana ɗaura ta a gaban bindiga, ta tsaya da kanta, mutum ya sa kafaɗa kawai. In gaskiya ne, ka nemo mini ita. Alhaji Balarabe ɗan kasuwar nan na Zinder zai zo aikin hajji bana, sai ka ba shi ya taho da ita.

Kura ce ta dame mu da ɗaukar awaki. Ba wani babban abu ba ne.

Ka yi mana addu'a a gaban Manzo. Haza wasalam.

Issoufou

*

Bani Harisa, Madina
Jimada Ula, 1404

Zuwa ga ɗan'uwana Issoufou, bayan sallama irin ta Musulunci da gaisuwa da ban gajiya.

Takardarka ta same ni a Awali, a lambun dabinon Shaikh Abdussamad inda nake aiki. Ɗana Ƙasimu ne ya kawo mini ita. Na zauna a bakin kwatar ban-ruwa na karanta, na sake karantawa, har ruwa ya cika kwamin ya malala ban sani ba. Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne. Me ya hana ku gaya mini tun bara?

Alhajinka bai yi ƙarya ba, gwafar tana nan. Ƙasimu yana aiki a maɗar, wato filin jirgin sama, kuma ya san gari fiye da ni da na girme shi a ciki. Ranar hutunsa ya ɗauke ni a mota ya kai ni kantin wani mutum mai suna Sharfuddeen, asalin kakanninsa Bukhara, yana sayar da tantuna da fitilu da kayan masu fita jeji. Ni a zatona abu ɗaya ne, in ce a ba ni a naɗe mini. Sai mutumin nan ya jera mini iri-iri a kan teburi. Akwai gajeru da ba su wuce taƙi ba, akwai masu kai wa ƙugu. Akwai masu tsini a ƙafa, akwai masu takalmin roba. Wasu suna cizon bututun bindiga, wasu kuma a zoben maratayi ake ɗaura su.

Ya ce, "Ya Hajj, wace irin bindiga ce? Me mai ita zai harba? A kwance yake harbi, a zaune, ko a durƙushe? Ƙasar wurin tauri gare ta ko yashi ce?"

Issoufou, ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce masa wurin dako shi ne bakin tafkin Marke, ta gabas, inda gamba take kai wa mutum ƙirji, saboda haka gajeriyar ƙafa ba ta da amfani, ciyawa za ta rufe ido. Na ce ƙasar laka ce, da rani ta bushe ta tsage, sai mai tsini. Na ba shi labarin gwankin nan da muka bi tun hantsi har rana ta yi ja, wanda ka harba ni kuma na sha ɗauka. Na gaya masa yadda zabi suke sauka sha da la'asar har ƙasa ta yi baƙi. Larabcina ya ƙare na koma Hausa ban lura ba, mutumin yana ta gyaɗa kai don ladabi.

Da na numfasa sai Ƙasimu ya ce mini da Larabci, don shi yana jin Hausa amma da Larabci yake mayar da amsa, "Abuya, wannan duk yaushe ne?"

Na ce, "Kafin mu fito hajji da ƙafa ni da kawunka Issoufou, shi ya koma, ni na zauna."

Sharfuddeen ya yi murmushi ya ce, "Ya Hajj, wannan ya fi shekara talatin ke nan. Ka rubuta ka tambaye shi. In na sayar maka da abin da bai dace da aikinsa ba, nauyi kawai ka aika masa."

Na ji haushinsa kaɗan, amma gaskiyarsa. Duk da haka na sa ya ajiye mini doguwar mai tsinin, don na san tafkinmu.

To ka amsa mini tambayoyinsa ɗaya bayan ɗaya. Ka ƙara da wannan: akwai madubin hangen nesa da ake ɗorawa a kan bindiga, Ƙasimu ya nace sai an haɗa maka da shi. Kana so? Sannan ka gaya mini, tsamiyar ƙofar gidanmu tana nan? Har yanzu mata suna wanki a kan falalen dutsen nan na yamma da tafki?

Ka gaida Sabuwa da kyau. Sharifa tana gaishe ku.

Ɗan'uwanka,
Sabo

*

Tudun Marke
Rajab, 1404

Zuwa ga Alhaji Sabo, gaisuwa da fatan alheri.

Na ga takardarka. Na yi dariya har Sabuwa ta leƙo ta ga ko wani ciwon ne ya sake kama ni. Gwankin nan kai ka harbe shi a cinya, ni na ƙarasa shi. Tsufa ya sa ka fara kyauta da abin da yake naka.

Ka je ka ce wa Babuharen nan ya mayar da doguwar gwafarsa. Sabo, babu tafki. Tun farin da aka yi shekarun baya ya fara ja, yanzu yara suna ƙwallo a tsakiyarsa. Babu gamba, ko ta jinka sai an sayo daga kudu. In ka tsaya a bakin gari kana hango raƙumi tun yana kamar ƙuda. Lakar da ka sani yashi ya hau kanta, abu mai tsini nutsewa zai yi har wuya. Falalen dutsen wanki yana nan, akuyoyi ke kwana a kai. Tsamiyarku ta faɗi, da itacenta aka yi turame, ɗaya yana gidana. Gwanki kuwa, yaran yanzu sai dai a ba su labari.

Ga amsar tambayoyi. Bindigar ba adaka ba ce, ta Faransa ce mai cin harsashi ɗai-ɗai, wadda na riƙe lokacin ina aikin gandun daji. Da na bar aiki aka bar mini ita, takardarta tana nan da hatimin jandarma. Katako ya rufe ƙasan bututunta har kusa da baki, kuma akwai zoben maratayi a gaba, mai ƙarfi ne. Tana da nauyi, tana da shuri.

Ba na harbi a kwance, don in na kwanta ba na iya tashi ni kaɗai. Durƙuso ma ya fi ƙarfina. A zaune nake, bayana jingine da bangon tsohuwar rijiya ta arewa da gari. Na auna daga ƙasa zuwa inda bindiga take zama daidai da kafaɗata, kamu ɗaya ne da ɗan taƙi. Wurin ba shimfiɗaɗɗe ba ne, ya karkata wajen hagu.

Madubi ba na so. Ka gode wa Ƙasimu. Idona lafiya lau, kuma abin da nake jira ba daga nesa zai tsaya ba. Tsakanin rijiyar da ramin da ake zubar da mushe bai fi daga masallaci zuwa tsohon gidanku ba. Dabbobi suna mutuwa da yawa bana, shi ya sa kurar ta samu wurin zama, har ta daina jiran duhu. Da sassafe take zuwa, wani lokaci da la'asar sakaliya. In ka sa ido a madubi ka rasa ta, kafin ka sake samo ta ta wuce.

Abu ɗaya nake roƙo, ya zama wadda zan iya buɗewa da hannu ɗaya.

Ka ci dabino a madadina. Wasalam.

Issoufou

*

Bani Harisa, Madina
Sha'aban, 1404

Zuwa ga ɗan'uwana Issoufou, sallama da gaisuwa da addu'ar ƙarin sauƙi.

Na kwana biyu ban iya amsa maka ba. Labarin tafkin ya tsaya mini a rai. Duk shekarun nan, in zafin Madina ya ishe ni a kan dabino, rufe ido nake yi in gan shi cike, da bado a kansa. Ashe ni kaɗai nake da shi yanzu. Tayyib, haka Allah ya so.

Na koma wurin Sharfuddeen na karanta masa takardarka, Ƙasimu yana juya masa abin da ya gagare ni. Ya ce yanzu aka yi magana. Ya kawar da mai cizon bututu, ya ce tana danne ƙarfen ta sa harsashi ya kauce, tunda kana da zobe mai ƙarfi a katako, a nan za a ɗaura. Ya kawar da gajerun, na masu kwanciya ne. Muka tsaya a kan matsakaiciya, wadda ƙafafunta suke zuƙewa su miƙe, kowace da nata maɓalli. Ka ga ke nan ta hagu za ka ƙara mata tsawo saboda karkatar wurin. Wuyanta yana ɗan juyawa, za ka iya bin dabba in tana tafiya ba sai ka ɗaga bindigar ba. Ta fi sauran nauyi kaɗan, amma ya ce mai zama wuri ɗaya nauyi ba ya cutar da shi, taimakonsa ma yake yi.

Ya ƙara da abu biyu da ban yi tunaninsu ba. Matashin roba da ake sa wa gindin bindiga saboda shuri, don jikinka ba kamar da ba ne, da maratayi mai faɗi wanda za ka rataya ta a ƙetare, hannunka mai lafiya ya samu riƙe sanda. Madubin kuwa shi da kansa ya ce wa Ƙasimu a bar shi.

Ban yarda in aika maka abin da ban gwada ba. Shaikh Abdussamad yana da bindiga mai rukhsa, wato takardar izini, kusan irin taka. Da na gaya masa dalili ya ce shi ma zai je. Ka san ba a farauta a cikin haramin Madina, ko tsuntsu ba a firgitawa. Sai muka fita can bayan iyaka, muka wuce filin baƙin dutse har muka samu wani kwari mai yashi. Ƙasimu ya jera gwangwanaye. Ni kuma na cire rawanina na ce ya ɗaure mini hannun hagu a jikina.

Ya ce, "Lesh, Abuya?" wato don me.

Na ce, "Don yau ni ne kawunka."

Na zauna na jingina da tayar mota. Buɗe ƙafafun da hannu ɗaya ya yiwu, in ka dafe gindin bindigar da gwiwa. Amma da na sa kafaɗa sai takalman robar suka nutse a yashi, harbin farko ya tashi sama, na biyu ma haka. Shaikh yana ta dariya, ya ce shekara da shekaru ina ba shi labarin farauta ashe baki ne. Ni ma na fara zargin kaina.

Ƙasimu ne ya gano maganin. Ya ciro wata tsohuwar taya daga bayan mota, ya yanko faifai biyu kamar tafin hannu, ya sa a ƙarƙashin ƙafafun. Na sake zama. Issoufou, da ƙamshin albarushi ya bugi hancina sai na ji kamar in na waiwaya zan gan ka a damata kana tauna goro. Na ja numfashi, na saki rabi kamar yadda babanka ya koya mana, na ja kunama. Gwangwani ya yi tsalle. Na bi sauran ɗaya bayan ɗaya, guda ɗaya ne ya tsira.

Yaron nan ya daɗe yana kallona. A hanyar dawowa ya ce, da Hausarsa mai karyewa, "Abuya, ka ba ni labarin gwanki. Daga farko." Na ba shi, har da gyaran da ka yi mini.

Mun kai wa wani mai walda a Awali, ya yi wa ƙafafun faranti masu faɗi ya liƙa musu robar taya, ana cirewa ana mayarwa. Komai ya haɗu, na naɗe a cikin tsohon bargo. Sai zuwan Alhaji Balarabe.

Allah ya kai mu Ramadan lafiya. Ka gaida ƙanwata.

Sabo

*

Tudun Marke
Shawwal, 1404

Zuwa ga Yaya Sabo. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa ga wanta, ina yi maka barka da shan ruwa. Ina gaida Yaya Sharifa da 'ya'yana da ban taɓa gani ba. Ni ce Sabuwa. Liman ne yake rubuta mini, na roƙe shi ya sa maganata yadda na faɗe ta.

Yaya, Malam maigidana yana karanta mini takardunka, ina kuma jin abin da yake mayar maka. Bai yi maka ƙarya ba, amma bai gaya maka duka ba.

Kurar nan ba awaki kaɗai ta taɓa ba. Kafin ya fara rubuta maka, wata safiya na fita bayan gida na iske ta kama akuyata mai ciki, ita kaɗai ta rage mini. Na riƙe ƙafar akuyar ina ja, ita ma tana ja. Sai ta saki akuyar ta kama ni. Yatsu biyu na hannun dama sun tafi, sauran sun warke a lanƙwashe. Ina daka, ina tuƙi, kada ka damu.

Ihuna ya tara mutane. Malam ya fito da bindiga, kurar tana tsaye a fili ba ta ko gudu ba. Ya ɗaga, bakin bindigar ya faɗi, harsashi ya shiga ƙasa a gabansa. Gari duka yana kallo. Ba wanda ya ce masa komai, to amma ka san shi. Tun ranar bai sake zama a dandali ba. Masallaci ma sai an tayar yake shiga, ana sallamewa ya fito. Abinci sai na yi da gaske. In na ce Allah ne ya kawo, sai ya dubi hannuna ya tashi.

Samarin gari duk sun tafi ci-rani, ruwa bai zo ba bana ma, shuka ta ƙone. Daga tsofaffi sai mata da yara. Yara ba sa zuwa ɗiban ruwa sai da rakiya.

Kullum yana lissafin zuwan ƙarfen nan naka. Ni kuwa tsoro nake ji. Daga gida zuwa tsohuwar rijiya da nisa ga mai jan ƙafa. Ba zai iya ɗaukar bindiga da ƙarfe da sanda ba, in ya zauna kuma sai an ɗaga shi. Kuma na san ba zai yarda wani mutumin garin nan ya ga ana ɗaga shi ba. Shi kaɗai zai tafi. In ya sake kuskure, ba mai tashinsa.

Sannan Yaya, ina da ƙorafi. Ka tambayi tsamiya, ka tambayi dutsen wanki, ka yi kukan tafki. Ni ba ka tambayi yadda na koma ba. Ka bar ni da kitson 'yan mata. Yanzu kaina fari fat, haƙoran gaba sun zube, mutane suna cewa Inna ce ta dawo. In muka haɗu a hanya ba za ka gane ni ba.

Ban ce ka yi komai ba. Na dai gaya maka. Ka sa mu a addu'a.

Ƙanwarka,
Sabuwa

*

Bani Harisa, Madina
Zulhajji, 1404

Zuwa ga ƙanwata Sabuwa da ɗan'uwana Issoufou, ku biyu, don ba na son wani ya karanta wa wani rabi. Sallama da gaisuwa, da barka da Sallah.

Issoufou, kada ka yi mata faɗa. Ta yi daidai.

Sabuwa, takardarki a aljihuna take tun da ta zo. Na kai ta har Rawla, cikin masallacin Manzo, na zauna da ita. Allah ya ba ki ladan hannunki.

Alhaji Balarabe ya iso ziyara bayan Arfa, ya zo gida muka ci abinci. Da na warware bargon ya ga ƙarfen sai fuskarsa ta canja. Ya ce, "Alhaji, ka yafe mini. Ka san yadda ake binciken kaya a shekarun nan. Duk abin da ya shafi bindiga, ko ba bindiga ba ne, ni baƙo ban da bakin da zan yi bayani. Ga mata da tsofaffi a hannuna." Ban ga laifinsa ba. Na ba shi dabino da zamzam ya kawo muku, da wannan takarda.

Bayan ya tafi muka zauna, ƙarfen yana tsakar ɗaki a tsaye da ƙafafunsa. Sharifa ce ta fara magana. Ta ce, "Tun watan Rajab jikinka ne kawai a gidan nan. Ka tashi ka kai masa."

Na ce aiki fa, ga yankan dabino bai ƙare ba. Ƙasimu ya ce ya riga ya yi magana da Shaikh Abdussamad. Ashe sun gama shirinsu shi da uwarsa. Ya karɓo takarda daga Sharfuddeen mai bayanin abin da ƙarfen yake, ya kai wa masu binciken kaya a maɗar suka duba suka ce ba makami ba ne, a sa shi cikin akwati. Fasfo ɗina na nan ƙasar ne yanzu, sai da na nemi biza kafin in shiga inda aka haife ni. Na yi dariya a ofishin, ma'aikacin bai gane dalili ba.

In Allah ya yarda zan taso cikin Muharram, in alhazai sun ragu. Jidda zuwa Kano, daga nan mota.

Issoufou, ka ji sharaɗina. Kada ka je rijiyar nan kafin in zo. Ni zan ɗauki bindiga, ni zan kafa ƙafafun, kai ka harba. Ɗagawa kuma, na sha ɗaga ka tun muna yara in kokawa ta kayar da kai, ba sabon abu ba ne a wurina.

Sabuwa, ki daina cewa ba zan gane ki ba. Ni ma ba wanda kika sani ne zai sauko daga mota ba. Ki nemi wani tsoho mai farar jallabiya da yake waige-waige.

Sai mun haɗu da yardar Allah.

Sabo

*

Tudun Marke
Safar, 1405

Zuwa ga ɗana Ƙasimu, Allah ya yi maka albarka. Ka gaida mahaifiyarka da ƙannenka.

Na iso lafiya. A kan iyaka ma'aikacin duwan, wato kwastan, ya juya ƙarfen ya tambayi ko na mai ɗaukar hoto ne. Na gaya masa gaskiya, ya karanta takardar, ya ce Allah ya ba da sa'a.

Gwaggonka na gane ta tun motar ba ta tsaya ba.

Mun fita safiya uku ba mu ga komai ba. Ta huɗu, bayan sallar asuba gari ya fara haske, kurar ta zo. Farantan sun zauna a yashi daram. Kawunka ya bi ta da bakin bindiga a hankali har ta tsaya a bakin ramin ta ɗaga kai. Harbi ɗaya, ta faɗi. Ya daɗe da goshinsa a kan katakon bindigar. Da na ɗaga shi muka kamo hanya, mutane suka fito, sai ya saki kafaɗata ya ƙarasa da sandarsa. Da la'asar a dandali ya zauna, ya aika gida a ƙaro masa fura.

Ya ce in gaya maka dabarar tayar nan ta maharbi ce.

Garin ba wanda na ba ka labari ba ne, wata rana za ka zo ka gani da idonka. Abin mamaki, in an kira magariba a nan sai in ji kunnena yana jiran muryar ladanin Harami, in na fito da safe in ɗaga kai ina neman dutsen Uhudu.

Ka gaya wa Shaikh Abdussamad ya nemi wanda zai hau masa dabino lokacin fure. Gwaggonka ta rantse ba zan taka mota ba sai na ci tuwon sabon gero daga hannunta, geron kuwa ko shuka shi ba a yi ba, sai ruwa ya sauka. Na ce mata to.

Mahaifinka,
Sabo Ɗanmusa